Baro Mai Matashin Kai

Rano, 4 ga Yuli

Gwaggona Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Baba Isiyaku da duk mutan gidan Kibiya. Ya jikin Baba, ya kuma kunnen naki? Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya zauna sosai, masarar da maigidan ya shuka a gonar Rurum har ta kai gwiwa. Gali direba ne zai kawo miki wannan takarda ranar kasuwa. Kin hana ni kiran waya tunda ba kya jin abin da ake faɗa a cikinta, ni kuwa daɗi abin ya yi min, don tun ina budurwa nake son a ce ina da wanda nake rubuta wa wasiƙa kamar yadda ake yi a littattafai.

Gwaggo, wata magana ce ta tsaya min a rai, har abinci ba na iya ci sosai. Maƙwabciyata ce, Barira, da muke kira Maman Mufida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shan inna ya same ta tun tana ƙarama, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Da rarrafe take tafiya, ta sa silifa a hannuwa, gwiwoyinta kuma da wasu guntayen roba da mijinta ya ɗinka mata. Shi tela ne a bakin titi. Tana da keken guragu, amma ba ya shiga lungunmu saboda matsi, can shagon yake kwana.

Ranar da na fara ganinta, ina sabuwar amarya, sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Kyakkyawa ce, ga doguwar fuska ga wushirya. Na ce a raina irinta ake buɗe littafi da su, tana zaune bakin taga tana hawaye. To ni dai har yau ban ga hawayen ba. Ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, tsakar gidanta ya fi nawa tsabta, in kuwa ta daka wa kajinta tsawa har ni nake firgita a nan.

A ƙarshen lungunmu akwai makarantar matan aure ta Malama Rahma, bayan la'asar ake shiga. Maman Mufida ta daɗe tana zuwa, izu kaɗan ya rage mata ta sauke, kuma tana cikin waɗanda za a yi wa walima da kaka. Ta haihu da bazara, namiji, Mahdi. An gama wanka, an yi arba'in tuni, amma ba ta koma ba. Malama ta aiko cewa in ba ta dawo cikin watan nan ba, za a cire ta, sai wata saukar, kuma ba kowace shekara ake yi ba. Ina jinta ta katanga ta ce, “Ku ce mata ina zuwa.” Ba ta je ba.

Ni na san dalili. Lungun ya zama taɓo da ruwan kwata, mai ƙafa ma da ƙyar yake wucewa, balle wadda za ta sa hannu a ciki. Shi ne na yi wata dabara. Maigidan yana da sabon baro da bai taɓa ɗaukar komai da shi ba. Zan wanke shi, in shimfiɗa dardumata ta aure, in sa matashin kai, in riƙa tura ta da kaina kullum. Har ina hango yadda za ta kama hannuna ta rasa abin cewa. Me kika gani?

’Yarki,
Afra'u

*

Rano, 19 ga Yuli

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Da fatan lafiya ce ta hana ki ba ni amsa. Mu ƙalau muke a jiki, amma ni raina ba daɗi.

Da na ji ki shiru sai na ɗauka kin yarda ne, kina dai ganin abin bai kai a ɓata takarda ba. Ranar Litinin ɗin da ta wuce na shirya baron kamar yadda na faɗa miki, har turaren wuta na yi wa dardumar. Na tura shi na yi sallama. Na same ta bakin kasko, Mahdi a baya, ga wasu mata biyu sun zo sayen ƙuli.

Ta ɗago ta ce, “Amarya, ina za a kai wannan gadon?”

Na ce, “Naki ne, Maman Mufida. Makaranta zan riƙa kai ki a ciki.”

Ɗaya daga cikin matan ta cusa baki a mayafi. Ita kuwa ta daɗe tana kallon baron, sannan ta ce, “Allah sarki. Har da matashi.” Ta mayar da kai kan suyarta ta ce in ajiye shi in je, za ta aiko. Ni da wauta na taho ina murna, wai nauyina take ji a gaban mutane.

Kafin magariba sai ga mijinta ya yi sallama da maigidan. Darduma a ninke a hammata, matashi a hannu, baron kuwa cike da toka da ɓawon gyaɗa. Bawan Allah ya kasa ɗaga kai. Ya ce, “Ta ce a gaida amarya. Wai tunda an kawo abin kwasar kaya, ga kayan nan, a kai gona.” Maigidan ya daure har mutumin ya tafi, sannan ya zauna bakin rijiya ya yi ta dariya har da tari. Wai tokar ma za ta yi amfani a Rurum. Ban yi masa magana ba sai washegari.

A da, kullum da safe sai ta ɗaga murya ta katanga ta ce, “Amarya, an tashi, ko ana can ana soyayya da takarda?” Yanzu shiru. Na aika mata da dambu, kwanon ya dawo a wanke, cike da ƙuli har baki, ba ko saƙon gaisuwa. Kuma makarantar har yau ba ta je ba, ga watan yana ta tafiya. Ni alheri na nufa, wallahi. A littattafai in mutum ya nufi alheri ana ganewa. Don Allah ki rubuto.

Afra'u

*

Kibiya, 8 ga Yuli

Afra'u ’yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba ya ji sauƙi. Kada ki kuskura ki kai wa matar nan baro. Ko da an yi masa ado da zinariya sunansa baro. Ki tsaya sai mun yi magana.

Kin ce ba kya iya cin abinci. Tun yaushe? Da tashin zuciya da safe? Kada ki ɓoye min, ni ba uwarki ba ce da za ki ji kunyata.

Gwaggonki

*

Kibiya, 23 ga Yuli

Afra'u,

Bayan gaisuwa. Ga takarda biyu nan a ambulan ɗaya. Ta farkon a ƙarƙashin kujerar Gali aka tsinto ta, kin ga har da shatin manja. Na yi masa faɗa, yana ta ba ni haƙuri, ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Abin da ya faru ya riga ya faru. Na yi dariyar tokar, ba zan ɓoye miki ba. Matar nan ta burge ni.

Kin rubuta cewa kin san dalili. Wa ya gaya miki? Tun tana ƙarama take haka, da hannuwan nan ta girma. Bana aka fara damina?

Bari in ba ki labarin kaina. Tun da kunnena ya tafi kowa ya zama likitana. Wani ya zo ya tsaya a kaina yana ihu kamar mai kiran shanu daga tsallaken rafi. Wata ta riƙa yi min wasa da hannu kamar tana lallashin jariri, ni da na koya mata riƙe fensir a aji ɗaya. Duk masoyana ne, kuma duk sai na ji kamar in rufe ƙofa. Da an tambaye ni, abin da nake so bai taka kara ya karya ba: a juyo min da fuska, a yi magana a hankali in ga baki. Shekara ta fi biyar, mutum biyu ne suka taɓa tambaya.

Ki je gidanta lokacin da ba masu saye. Kada ki kai abinci, kada ki yi kuka, don in kin yi kuka ita ce za ta koma lallashinki. Ki tafi da aikin hannunki, ki zauna a ƙasa inda take zaune. Ki ba da haƙuri a taƙaice, ba irin jawaban littattafanki ba. Sannan ki tambaye ta abin da ya hana ta zuwa, ki kama bakinki. In ta ce babu ruwanki, to babu ruwanki, ki ci gaba da zama maƙwabciya.

Ki gaida maigidan naki Nuruddeen, ki ce na ce dariyar ta isa haka.

Gwaggonki Ramlat

*

Rano, 30 ga Yuli

Gwaggona,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya. Maganar da kika tambaya a takardar farko, a'a, ba abin da kike zato ba ne, sai da na rufe fuska ni kaɗai a ɗaki. Abinci kuwa na dawo ina ci har da ƙari.

Na je da hantsi, da zogale a faranti. Ta amsa sallamar ciki-ciki. Na zauna a ƙasa na fara tsinka. Na ce, “Maman Mufida, na yi miki laifi a gaban mutane. Ki yafe min.” Ina da sauran jawabi mai yawa da na kwana ina shiryawa, na haɗiye shi.

Ta ce, “Turaren ne ya fi ba ni haushi. Kamar za a kai gawa.” Ta jawo farantin gabanta. “Kawo nan, haka ake tsinkar zogale a Kibiya? Rabin miyarki itace ne.”

Muka yi ta tsinka. Can na ce, “Me ya hana ki komawa makaranta?”

Ta zuba ganyen da ke hannunta a faranti. Sai ta ce, “Ke kin ɗauka taɓo ne ko? Taɓon lungun nan ya san ni na san shi. In na isa in wanke hannu a butar Malama, shi ke nan.” Ta nuna bayanta inda Mahdi yake barci. “Bayan nawa guda ɗaya ne, amarya.”

Ban gane ba, sai da ta nuna min gafaka rataye a ƙusa, wato jakar fatar da Alƙur'aninta yake ciki. Na babanta ne, mai manyan baƙi, da shi ta fara tun daga Fatiha. Ashe duk shekarun nan goya shi take yi a baya da zane, kamar ɗa. Lokacin da take goyon ƙanwar Mufida, Mufidar ce ke riƙe mata. Bana kuwa an kai yaran biyu Lausu wajen kakarsu da ba ta da lafiya.

Ta ce, “In na rataya a wuya, ƙasa zai riƙa shara. In na ɗora a ka, da wane hannun zan dafe? Littafin Allah ba zan ja shi a kwata ba.”

Na ce to ta bar shi a gida mana, Malama ta ara mata wani a can.

Ta ce, “Sai in buɗe baki a gaban mata in ce a ara min. Sai a ce me ya sami naki. Sai a ce ayya. Kin san sau nawa aka ce min ayya a duniya? Na ƙoshi.”

Gwaggo, na san kin ce in kama bakina, amma ya kuɓuce. Na ce in riƙa ɗaukar mata Mahdi. Ta watso min wani kallo ta ce ɗanta a bayanta zai girma, kada wata ta ce gurguwa ta haifa ta kasa goyo. Na ce to gafakar fa?

Ta ce, “Ke da ba ’yar makarantar ba? Ki bi ni a baya da jaka ki juyo, kowa ya ce Barira ta yi ’yar aiki? Ko kuwa ya ce amarya na neman lada da ita?” Ta ɗan tsinki zogale, ba ta kalle ni ba. “Da dai a ce hanyarki ce. Mai zuwa makaranta da alwalarta, in ta haɗa Alƙur'ani biyu a ƙirji, wa zai ce wani abu?”

Kin ji inda ta ɗaure ni. Bayan la'asar shi ne lokacin karatuna, na gama girki, maigidan bai dawo ba. Ga wani littafi na kai daidai inda aka kwantar da saurayin a asibiti bai san wadda ta ba shi jini ba. Kuma kin fi kowa sanin inda karatun allona ya tsaya. Na ce mata zan ji kunya a zaunar da ni ajin ’yan farko, ina matar aure mai takardar sakandare.

Ta ce, “Au, ke ma kina da kunyar? Na ɗauka mu kaɗai aka raba wa.”

Maigidan ya yarda tun kafin in rufe baki. Yau kwana uku muna zuwa. Tana gaba, in na yi sauri ta ce ba tsere muke ba, in na ja baya ta ce ba dogarinta ba ce ni. Yanzu na iya, kafaɗa da kafaɗa, ina ɗan sunkuyo muna hira. Malama ta gan ta ta ce, “Barira, sai yau?” Ta ce, “Amarya nake jira ta yi hankali in kawo miki ita.” Aka yi dariya, aka wuce wurin. Sai dai an yi mata nisa ƙwarai, Malama ta ce ba ta yi alkawari ba sai ta ga ƙoƙarinta.

’Yarki,
Afra'u

*

Kibiya, 6 ga Agusta

Afra'u,

Sallama. Lafiya muke, gero ya fara fitar da kai. Na karanta wa Baba takardarki, ya ce shekara nawa ana fama da ke ki koma makaranta, ashe ƙuli-ƙuli ne maganinki.

Abu ɗaya. Kada ki riƙa ba mutane labarin gafakar nan, ko da yabonta kike yi. Ni ma da kika gaya wa, a nan ya tsaya, Baba ma tsallake masa wajen na yi. Ga daddawa nan ƙulli biyu, ɗaya naki, ɗaya ki ce mata daga wata kurma a Kibiya, ta aiko min da ƙuli in ji ko ya kai yadda ake faɗa.

Saurayin asibitin ya tashi kuwa?

Gwaggonki

*

Rano, 14 ga Oktoba

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ki yafe min dogon shiru, Gali ya yi wata guda motarsa na gareji, ni kuma hadda ta sa ni gaba. Ina fatan ƙulin ya iso kafin nan. Muna lafiya, an fara karyar masara. Saurayin littafin ya tashi, ya auri wata, ba wadda ta ba shi jinin ba, na ji haushi na kwana biyu.

An yi walima jiya, kuma da Maman Mufida a ciki.

Da ƙyar aka kai. Cikin Satumba Mahdi ya yi zazzaɓi, mako guda ba ta fita ba, na ce shi ke nan. Da ya warke sai ta koma biya karatu tana suya, Alƙur'anin a kan kujera nesa da mai, ni ina buɗe mata shafi don hannunta ba dama. Ban iya gyara mata komai ba, ita ce ma take jiyo nawa ta katanga da safe ta ce, “Ja wannan, amarya, ba ciniki kike ba!” Ranar ta zo, Malama ta saurare ta a izun ƙarshe. Da ta gama, Malama ta rufe littafi ta ce mata ta je ta sayi farin hijabin walima.

A filin ƙofar makarantar aka yi, an kafa rumfa, an yi ɗan dandamali mai matakala biyu da masu sauka za su hau su karanta. Da na ga matakalar gabana ya faɗi. Aka kira sunanta. Ta fito daga layi cikin farin hijabi, ta ɗaure gefensa a ƙugu, Mahdi a baya. Wata baƙuwa kusa da ni ta fara cewa, “Ayya, a taimaka mata mana,” ta yunƙura. Gwaggo, ni ce na riƙe mata mayafi na ce, “Hajiya, zauna, ta san hanya.” Ƙafafuna kuwa ƙaiƙayi suke, sai da na danne su da gafakar.

Ta cire silifan hannunta ta jera su a gindin matakala, ta hau. Malama ta zuba mata ruwa ta wanke hannu, sannan Maman Mufida ta waiwayo ta ce, “Afra'u, miƙo.” Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai jiya. Ta karanta farkon Baƙara, murya ba rawa ko kaɗan. Mijinta yana can ɓangaren maza yana ta goge ido da hula, Mufida da aka kawo daga Lausu tana tsalle. Ni dai na yi kukana, amma a cikin hijabi, ba wanda ya gani.

Ana tashi hadari ya haɗo, irin ruwan nan na bankwana. Kowa ya watse. Na cusa gafakar da takardar shaidarta cikin hijabina na rungume, muka shiga lungu. Ni kuma na sa takalmin bikina mai tsini saboda walima. Taku kaɗan ya nutse a taɓo, na ciro, ɗayan ya nutse. Ina nan ina dafe bango da kafaɗa kamar kazar da ta jiƙe, na ɗaga kai, har ta kai ƙofar gidanta. Ta juyo, ruwa na zuba a fuskarta, tana dariya har wushiryar nan a waje, ta ƙwala min kira duk lungu na ji:

“Ki yi sauri mana, mai ƙafafu! Kada ki jiƙa min takarda!”

Ba ta jiƙe ba. Takalmi ɗaya dai har yanzu ba a gan shi ba.

Ki gaida Baba. Maman Mufida ta ce in gaya miki in an gama kaka za ta hau kekenta zuwa tasha mu zo Kibiya tare, tana son ganin matar da take rubuto min hankali a takarda. Ki tanadi tabarma babba, don mu duka a ƙasa za mu zauna.

’Yarki mai ƙaunarki,
Afra'u